Butocin Shayin Kwanar Jirgi

Ɗan goggona Tokuji, tun da sanƙo ya kama shi, ya koma tono kamar gafiya. A zamanin jirgin ƙasa mai hayaƙi, ana sayar wa matafiya shayi cikin 'yan butocin yumɓu masu sunan tasha a jiki. In an shanye sai a wurgar ta taga. Su Tokuji yake tonowa yana tarawa. Sun cika masa ɗaki har kyanwarsa a tsaye take barci. Da yamma yakan kara buta a kunne ya lumshe ido, wai yana jin jirgi na hawan dutse cikin hazo.

Butar tashar garinmu kaɗai ya rasa, inda uwarsa, Goggo Fusae, ta yi tallar shayi tana yarinya. So yake ya danƙa mata ita ba zato tun idonta na gani, don haka bai taɓa gaya mata ba. Layin dogon ya mutu tuni. Ya tone kwanar layin da ke bayan gonakin shinkafa kaf, inda aka fi wurgar da su, ko murfi babu, ga shi da bazara za a malale wurin da kwalta.

Ran nan na raka Goggo kai masa dunƙulen shinkafa. Na leƙa ramin na ce, "Gafiya, ka kusa ɓulla Koriya?"

Goggo ta ce, "Wai me yake nema ne?"

Bakina ba ya riƙe magana, na faɗa.

Ta ce, "Buta? A nan? Ai ba ma barin ko ɗaya ta kwana. Jirgi na wucewa sai mu bi layi da kwando, mu wanke, gobe a sake zuba shayi."

Tokuji ya ɗago kai. "Da aka rufe tashar fa, Inna?"

"Na kwaso ragowar. Su na kikkife a gefen lambu don kada ƙasa ta zaizaye. A kansu ka koyi tafiya."

Muka koma gidan Goggo, ya zaro ɗaya daga gefen lambun a hankali ya wanke, sai ga sunan garinmu. Ya dafa shayi ya miƙa mata da hannu biyu. Ta rungume butar, tururi na shafa mata fuska, can ta ja muryar tallarta ta dā ƙasa-ƙasa: "Shaaayi, mai zafi." Wallahi mu uku duk muka waiga wajen kwanar, kamar jirgi zai ɓullo.

Da ta shanye ta ce, "To, mayar da ita inda ka ciro, kada albasata ta gangare."