Ƙaiƙayi a Hular Dillali

Yau saƙon murya ya shigo wayata, wai an tare hanyar Kuyello. Sai na tuna marigayi dattijon da mu fataken hatsi muke kai wa labari ya tace. Kamar malaman hadisi, sai ya auna mai magana kafin maganar.

Wata rana wani dillali ya rantse mana hanyar ba lafiya, kada mu je sayen dawa. Marigayi ya ƙura wa hularsa ido, ya ce, "Alhaji, masu tare hanyar ne suka zuba maka ɗanyen ƙaiƙayin nan?" Ashe daga can yake, yana so ya saye dawar shi kaɗai.

Saƙon yau ba shi da hula, ga ɗana a bakin mota yana jiran izinina ya bi hanyar. Allah Ya haskaka kabarin dattijon, Ya nuna mini gaskiya kafin in buɗe baki.