Nonon da Umar ya sha

Umar masunci ne a tabkin Madarunfa, maƙwabcina shekara da shekaru. Ba shi da fara'a, amma bai taɓa sayar wa kowa kifin da ya kwana ba. Uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa a garin Gabi. Inna Fati, wadda ke goyon ɗiyarta Zahara'u a lokacin, ta haɗa su ta shayar, suka tashi tsakar gida ɗaya a nan garin. Wansa Mubarak, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zauna can Gabi yana noma. Sai salla ko suna ke haɗa su.

Bara waccan Umar ya fara rama. Zazzaɓi ba ya sakin sa, ƙayar kifi in ta soke shi sai wurin ya ruɓe. Daga Maraɗi aka tura shi Yamai, lokotoro, wato likita, ya ce kansar jini ce. Yadda ya bayyana, fararen ƙwayoyin jini su ne masu gadin jiki, kuma ɓargo ke yin su. Wata ƙwayar gado ta lalace a ɓargon Umar, sai ya dinga zubo masu gadin da ba sa iya komai. Magani zai danne ciwon na ɗan lokaci ne kawai. Wata ƙungiya ta yarda ta kai shi waje a dasa masa ɓargon wani, in an sami wanda alamar ƙwayoyinsa ta dace da tasa. Alamar nan daga uwa da uba ake gadon ta. Don haka a turo shaƙiƙi a gwada jininsa.

Saƙon ya iso da ruwan shuka. Mubarak ya zo wurin Inna Fati, ya ce zai tafi.

"Ka tahi, wa zai shuka wa ɗiyanka da nashi?" in ji ta. "Ga Zahara'u zaune."

"Inna, ciki guda aka ce."

"Rufa mini baki. Nono guda suka sha. Ko aure haramun ne tsakaninsu, tambayi liman. Kai sau nawa ka ga ɗuwawunshi yana yaro?"

Aka yi dariya. Mubarak ya koma gona.

A asibiti aka tambayi Zahara'u, "Uwarku ɗaya?" Ta ce e. A ranta ba ƙarya ta yi ba. Aka aika jinin waje, amsa ba ta dawo ba sai da gero ya nuna. Bai dace ba. Nan ne lokotoro ya tsananta tambaya, ya ji zancen shayarwa.

Mubarak ya bar girbi ya hau mota, aka ɗebi jininsa. Amma kafin amsa ta dawo tari ya kama Umar, jikin kuma babu mai gadi. Ya rasu a Yamai, aka rufe shi can. Bayan sadakar arba'in aka kira Mubarak a waya don a faɗa masa sakamakon. Ya ce ba ya son ji, ya kashe. Ya kwashe 'ya'yan Umar zuwa Gabi. Kwale-kwalen Umar yana bakin tabki, ruwa ya cika shi.

Kwanaki Zahara'u ta tare ni a bakin famfo.

"Malama, ke da kika yi lakwal kika san boko, jinina ne ba shi da kyau?"

Na ce, "Jininki lafiya lau. Ba nashi ba ne kawai."

Ta ɗauki bokitinta ko rabi bai kai ba. Tun ranar ba ta sake gaishe ni ba.