Kai Kawu Sale Bakin Teku Kafin Aikin Ido

Madina zuwa Badar

Ranar Alhamis da sallame sallar asuba muka bar unguwar Bani Harisa, ni da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, a cikin tsohuwar motar da nake haya da ita. Yanar ido ta kusa rufe masa idanu biyun. Likita ya sa Asabar a yi masa aiki, shi kuwa ya ƙi, ya ce ba mai kai masa wuƙa ido sai ya sake ganin tekun da ya ƙetaro daga tashar jirgin ruwa ta Sawakin yana saurayi, da ƙaton kifin nan da Larabawa ke kira hut. Umma ta ce mini, "Kai shi, amma ka dawo mini da shi ya yarda."

Ƙarfe bakwai da rabi muka shiga Badar, tafiyar kilomita ɗari da hamsin. Muka karya da gurasar tamis da waken ful. Ni dai loma biyu na yi, idona na kan agogo.

Yanbu

Tara da kwata muka isa bakin ruwa. Masu gadin teku suka karɓi igamata, wato katin izinin zama, da takardun Kawu, suka yi ta juyawa. Ɗayan ya tambaya, "Kamun kifi za ku?" Na ce kallo kawai. Ya dubi idanun Kawu, ya dube ni, sannan ya miƙo mana takardun.

Mai jirgin, Ammu Salim, baƙon fuska ne gare ni. Wani fasinjana ya haɗa mu. Tun kafin ya tada inji ya gargaɗe ni: "Hut sai rabo. Nakan yi wata shida ban gan shi ba. Kuma da azahar iska za ta taso, juyowa zan yi."

Cikin teku

Awa biyu muna tafiya har duwatsun Yanbu suka koma kamar hayaƙi. Fararen tsuntsaye suka biyo mu suna ihu. Wasu masu ruwan ƙasa sukan haɗe fukafukai su faɗo ruwa da ka, su fito da kifi a baki. Ina ta nuna wa Kawu, yana juya kai inda ba nan ba. "Fari-fari dai nake gani, ɗan nan," in ji shi. Na kasa zama. In je gaban jirgi, in dawo.

Sha biyu da rabi ruwa ya fara tsalle. Ammu Salim ya kama sitiyari zai juya, na riƙe masa hannu. "Don Allah, minti goma."

"Biyar," ya ce.

Can hagu tsuntsaye suka taru wuri ɗaya kamar an zuba musu hatsi. Ya kashe inji. Sai ruwa ya tsage, wani baƙin baya ya taso, ya fi jirginmu tsawo, ya fesa numfashi da ƙara, ƙarnin kifi ya lulluɓe mu.

"Kawu, ga shi! Ga shi nan!"

Ya miƙe yana lalube, na tallabe shi. Kafin ya daidaita fuskarsa wajen, ruwa ya rufe. Muka jira, bai sake fitowa ba.

Kawu ya zauna, ya shafa gemunsa da feshin ya jiƙa. "Na ji shi. Warinsa ma na nan yadda na sani. Amma ban gan shi ba, Habu. Yana gabana ban gan shi ba." Sannan ya ce, "Ƙarfe nawa likitan ya ce?"

Komawa

Igiyar ruwa ta jijjiga mu har gaɓa. Muka yi la'asar a Yanbu, magariba a hanya, muka shigo Madina ana kiran isha'i. Umma na tsaye bakin ƙofa. Kawu ya wuce ta yana dogara sanda, ya ce, "Yaya, a wanke mini farar riga, jibi asibiti za ni."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ammu Salim da mintunansa biyar.