Kukan Mota da Baki

Babana bakanike ne, amma a layin garejinsu ba mai kiransa haka. Mai Kunne suke ce masa, har mu 'ya'yansa in za a kwatanta mu sai a ce 'ya'yan Mai Kunne. Motocin kaya yake gyarawa, a-kori-kura da ire-irenta, waɗanda ake lafta wa kaya har su durƙusa. Wasu makanikai sai sun kwance rabin inji kafin su gano ciwo. Shi kuwa doguwar sukudireba yake ɗauka, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. In ya buɗe idon ya faɗi abu, to shi ne.

Dokokinsa biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa kawo masa aiki ya san su. Ta farko, mota sai ta kwana. Akwai ƙarar da inji ke yi da safe kawai, a tashin farko, lokacin da baƙin mai ya gangara ƙasa ya kwanta, ƙarfe na taɓa ƙarfe kafin man ya hau. Da ya ɗumama sai ya yi tsit kamar ba shi ba. Direba zai ji ƙarar a ƙofar gidansa, hankalinsa ya tashi, ya tuƙo motar har gareji, ya iso ta daina, ya tsaya yana rantse-rantse ana masa kallon mai mafarki. Shi ya sa Baba ke cewa a bar motar ta kwana a wurinsa, a dawo da sassafe a tayar da ita a gabansa. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai take faɗin gaskiya. In ya wuce, sai kuma gobe.

Doka ta biyu, ba a yi masa kukan mota da baki. Direbobi na da wannan hali, ƙato da gemunsa zai tsaya yana ƙas-ƙas-ƙas, yana ƙwal-ƙwal, wai yana bayani. Baba sai ya bar mutum ya gama tsaf, sannan ya tambaye shi ko shi ne ba shi da lafiya ko motar. Yakan ce Allah ya ba shi kunne, ba ya buƙatar tafinta tsakaninsa da inji. Ya kunyata manyan mutane da wannan magana, kuma gaskiya yana jin daɗin yin hakan.

A gida muka fara lura. Rediyonsa ya riƙa ƙara murya har maƙwabta na jin labarai kyauta. Ya fara ƙorafin cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Mama, wadda a da ko kaza ba ta iya kora da murya, ta koyi magana da ƙarfi, tana yi kamar haka take tun asali. A gareji kuma ya soma dafa inji da tafin hannu bayan ya gama da sukudireba, mutane suka ɗauka wata sabuwar ƙwarewa ce. Shekarun da ya yi yana aikin sun rufa masa asiri, don yawancin ciwon mota ya san shi tun daga yadda ta shigo. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan.

Ni ce auta, kuma direba na aura. Duk abin da ni da maigidana muka mallaka a duniya yana kan tayoyin wata tsohuwar a-kori-kura fara, da yake ɗaukar buhuna da bulo da ita. In ta tsaya, tukunyarmu ta tsaya. Wata safiya ina wanke-wanke na ji ya tayar da ita, sai wani ƙwanƙwasa mai nauyi ya fito daga cikinta, kamar ana buga ƙofar ƙarfe da dunƙulen hannu. Kafin in tsame hannuna daga ruwa ya ɓace. Washegari ya dawo. Na girma a gidan bakanike, na san wannan ba ƙarar wasa ba ce.

Aka kai wa Baba, ta kwana. Da safe na bi maigidana, na riƙa wa Baba shayi a fulas. Ya buɗe gaban motar, ya saita sukudirebarsa, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa alamar a tayar. Ƙarar ta fito ɓaro-ɓaro, har mai facin taya da ke tsallaken layi ya ɗago kai daga bahon ruwansa. Baba na nan ido rufe, fuskarsa kwance. Da ƙarar ta wuce ya miƙe, ya goge hannu da tsumma, ya ce lafiyarta ƙalau, a canja mata mai kawai, direbobin yanzu sun cika tsoro.

Maigidana na tsugune a gefe, kansa a ƙasa, yadda yake yi kullum a gaban surukinsa. Ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma." Mai faci ya mayar da kansa cikin baho. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye fulas ɗin.

A gida muka yi ta. Na ce ya kai ta wani gareji. Ya ce ashe ban da hankali, a ga motar surukin Mai Kunne a hannun wani bakanike, ai gara ya tsaya tsakiyar layin ya yi shela. Na ce to ya gaya masa gaskiya. Ya ce shi da ko ruwa bai taɓa sha a gaban Baba ba, da wane bakin zai ce masa ba ya ji? Na tafi wurin Mama da zafina, ta ja ni ɗaki ta ce in rufa mata asiri, kunnen nan shi ne duk abin da mutumin yake taƙama da shi, ranar da aka karɓe shi ba ta san me zai rage ba.

Aka canja mai, ƙarar ba ta fasa ba, sai ma daɗewa da ta ƙara yi kafin ta lafa. Maigidana ya ɓullo da dabara irin ta wanda ya rasa dabara: ya riƙa tura motar da kafaɗa har ƙarshen layinmu kafin ya tayar, wai don kada in ji raina ya ɓaci. Ina jin ta daga can ɗin ma. Kullum ya fita sai na yi ta zullumin yau ne injin zai buga a hanya da kayan mutane a baya.

Baba bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba tun da aka kawo ni. Sai ga shi wata safiya, gari bai gama wayewa ba, da rigar aikinsa da sukudireba a aljihu. Ya tarar da surukinsa ya kafa kafaɗa a bayan mota yana nishi. Bai tambayi dalili ba. Daga baya ya gaya wa Mama cewa kallon da ya tarar mai faci yana yi masa ran nan da ya buɗe ido ne ya hana shi sukuni. Ya buɗe gaban motar, ya ce a tayar. Wannan karon bai lumshe ido ba, bai ma kalli injin ba. Ni ya zuba wa ido.

Na yi niyyar in daure, amma da ƙarar ta fito kafaɗuna suka zabura da kansu. Ya gani. Ya yi saurin manna ƙotar a kunnensa, ya matsa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya canja kunne, ya canja wuri. Kafin ya gama lalube mai ya hau, injin ya koma yana tafiya sumul. Ya sa aka kashe. Ya fi kowa sanin ta riga ta farka, ko an sake tayarwa ba za ta ƙara cewa komai ba sai gobe, kuma ba shi da tabbacin tana da gobe.

Ya daɗe yana juya sukudirebar a hannunsa. Sannan, ba tare da ya kalli kowa ba, ya ce wa maigidana, "Yi mini da baki."

Maigidana ya dube ni kamar in cece shi. Ya sunkuyar da kai ya yi ƙwas-ƙwas a hankali, bakinsa na kallon ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Baba. "Matso."

Haka mutumin da bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba ya miƙe, ya kai bakinsa daf da kunnen tsoho, ya buɗe murya yana ƙwam, ƙwam, ƙwam, zufa na keto masa da sanyin safiya. Maƙwabciyarmu ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta koma da sauri. Da wani ne ya ba ni labarin da na yi dariya har da hawaye. Hawayen dai na yi.

Baba ya yi tambayoyi kaɗan: daga sama ƙarar take ko daga ƙasa, tana ɗaukewa da zarar jar fitilar mai ta mutu ko sai inji ya yi zafi. Da ya ji amsa ya ce kada a kuskura a sake murɗa makullin, a nemo igiya a ja ta. A gareji ya sauke ƙasan injin da hannunsa. Ƙarafan da karanshaf, wato babbar sandar da ke ƙasan inji, ke juyawa a cikinsu sun cinye har jan ƙarfen ciki ya fito, shi kansa karanshaf ɗin ya ƙarje, sai an kai an goge. Da ran farko aka kama, ƙarafan kawai za a canja, motar ta fita a ranar. Yanzu sai ta yi kwanaki a kan duwatsu.

Yana riƙe da ɗaya daga cikin ƙarafan ya kira ni gefe.

"Auta, ran nan kin ji?"

Na gyaɗa kai.

"Mai faci fa?"

Na sake gyaɗawa.

"Mamarki ta sani?"

Bai jira amsata ba. Ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya ce ashe duk layin nan lallaɓa shi ake yi kamar jariri, har ya kusa kashe wa 'yarsa abinci ana ce masa Allah ya ƙara girma. Ban taɓa ganin Baba ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ran nan.

Motar ta tashi, tana nan tana aiki. Baba ma bai bar gareji ba, kuma har yau mota sai ta kwana. Sai dai yanzu in an tayar, direban yake kallo, sannan ya juya masa kunnensa na dama, ya ce a yi masa da baki, da ƙarfi. Waɗanda ya taɓa kunyatawa suna yi, ba wanda ya taɓa rama masa, kuma na san da sun rama da ya fi masa sauƙi.

A layin har yanzu Mai Kunne ake ce masa. In an kira ba ya waiwayowa, ni kuma ban taɓa tambayarsa ko ji ne bai yi ba.