Gaɓar Kori

Wata Laraba ce, a ƙarshen zafin shekarar da aka sa ni lekkol, wato makarantar boko, Inna ta ɗaga kai ta ga sama fes, babu ko ɓurɓushin gajimare, ta ce ni da Yaya Rabi mu kora awaki cikin kori mu tsinto itace. Kori shi ne busasshen kogin da ya ratsa garin Tamanrasset, yashi zalla tsakanin gaɓa biyu. Nan muke langa da 'yar carafke, nan maza ke buga ƙwallo har magariba. Yaya Rabi ba ta daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, inda ta tashi a hannun kakarmu. Doguwa ce mai ƙarar dariya, kuma a gudu ko samari ba sa kamo ta.

Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Ruwan da muka sani daga bisa kai yake zuwa, da hadari da iska, ya ba ka lokacin kwashe shanya. Maƙwabciyarmu Tekna, wata tsohuwar Buzuwa, ta sha faɗa mana cewa nan ba haka ba ne, ruwa kan zuba can cikin duwatsun arewa ya gangaro wa mutum rana tsaka. "In kun ji kori na gurnani, kada ku gudu, ku hau," haka take cewa da Hausarta mai lanƙwasa. Mu kuwa sai mu kwaikwayi muryarta mu yi ta sheƙa dariya.

Awaki ne suka fara sani. Muna cikin ɗaure itace suka daina kiwo, suka haye gaɓa ba wanda ya kora su. Sai wata iska mai sanyi ta bugo mu, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rana na dukan ƙeyarmu. Sannan na ji ƙara kamar ta babbar mota mai kaya, ga shi babu hanya a wajen. Da na waiga, wayyo Allah, ruwa ne ja wur ya sha kwana, yana turo kututture da gwangwanaye a gabansa. Yaya ta yar da itacen, ta fizge ni zuwa gaɓa. Gaɓar ba bango ba ce, hawa ne na tsakuwa mai zamewa, in ka taka sai ta dawo da kai inda ka fito. Na kama, na zame, na sake kamawa, farcena ya fashe. Sai na ji kafaɗarta a ƙarƙashina, ta cilla ni sama tana cewa, "Kama saiwar nan, Hajo, ke dai kama!" Na kama, na ja ciki har na kai bisa.

Tsakuwar da Yaya ta taka ce ta zube da ita. Ta miƙe, ta dubi hawan, ta dubi ruwan, sai ta yarda da ƙafafunta. Ta miƙe kori da gudu, gudun da ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Na yi ta ihu, "Yaya, hau! Hau!" amma ni kaina ban ji muryata ba. Washegari maza suka same ta can ƙasa da gari, wajen lambuna. Tekna ta zauna da Inna har aka share makoki, ba ta taɓa cewa ai na faɗa muku ba.

Kwanan baya ɗana ya dawo daga lekkol da wata kalmar Turanci, acclivity. Ya ce malaminsu ya ce daga Latin ta samo asali, daga kalmar da ke nufin tudu, kuma ana faɗarta ne ga gangara in mutum yana ƙasa yana duban ta sama. Da can ban san cewa akwai waɗanda suka raɗa wa wannan hawan suna ba. Yanzu an yi gadoji, an shafe gaɓar unguwarmu da siminti, yara suna haye ta a guje suna cin biskit. Ina jin daɗin ganinsu, ina kuma jin zafi, duka biyun. Yau na girmi Rabi nesa ba kusa ba, har furfura ta fito mini, amma har yau Yaya nake ce mata.