Igiyar da Iya Ba Ta Ce a Juya Ba

A unguwar Small Heath ta Birmingham na tashi, kuma wutar da muke zagayewa ba ta itace ba ce, hita ce ta gas a falo. Lokacin sanyi tun ƙarfe huɗu ake yin magariba, saboda haka da mun ci tuwo, ni da ƙanwata Safiya sai mu rarrafa gindin Iya, mahaifiyar babanmu, wadda aka ɗauko daga Yawuri. Sunan mijinta na ci, wanda ya rasu tun babanmu yana ciki, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini. "Maigida, matsa can, ka tare mini wuta da ƙaton kan nan naka!"

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga jirgi nan ya taso." Mu kuma mu amsa da karyayyiyar Hausarmu, "Ya iso lafiya."

Akwai guda ɗaya da ba ma gajiya da ita. Wai an yi wani mai kwale-kwale da ke kafa sanda a tsakiyar jirginsa, ya ja ƙaton ƙyalle sama da igiya, iska ta tura shi kasuwa. Amaryarsa ce ke tufka masa igiyar da rama. Igiyar kuwa wuri ɗaya take cinyewa, inda take gugar zoben ƙarfe a kan sandar, kuma ido ba ya gani, sai hannu. Maganin abin shi ne a juya ta, kai ya koma gindi. Ran nan da safe amarya tana naɗe igiyar sai ta ji tana raɗa, "A juya ni, a juya ni." Ta ɗaga kai za ta yi magana, sai ga surukinta tsaye tare da yayyen mijin. Ta sunkuyar da kai, ta miƙa igiyar.

A nan kullum Safiya ke yin tsalle. "To ta faɗa masa mana, Iya!"

"Ku 'yan Turai ina kuka san kunya? Amarya ta gyara wa miji aiki a gaban ubansa?"

Sai ta ƙura wa hitar ido, har sai na taɓa gwiwarta. Sannan ta ci gaba: a tsakiyar kogi iska ta taso, igiya ta tsinke, ƙyalle ya faɗa ruwa ya ja jirgin ya kife. Amma wani ƙaton giwan ruwa ya goyo mutumin har gaɓa, ya shigo gida jiƙe sharkaf yana tambayar tuwonsa. Mu kuwa mu yi ta dariya har mu faɗi.

Bayan shekaru ashirin aiki ya kai ni Manchester, na kama ɗaki a Old Trafford. Wani abokin aiki ya ja ni tafki, na ɗanɗana tuƙin ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, shi ke nan na kamu, har na sayi wani tsoho. Da na faɗa wa Baba sai ya ce, "Kada Iya ta ji." Na ɗauka tsoron ruwa ne irin na tsofaffi.

Wani dattijon Bature a kulob ɗinmu ya koya mini duba jirgin. Muka kwantar da sandar a kan ciyawa, muka wanke ɗan gargaren da igiya ke bi a samanta, muka ɗaure kusoshin da suka saki, muka canja wani zobe da ya tsage. Sai ya ce in bi igiyar jan ƙyallen da yatsuna, in na ji inda ta yi laushi in juya ta. Na tuntsire da dariya, na ce ai tun ina ɗan shekara bakwai na san wannan.

Wauta ta sa na kwance tsohuwar igiyar daga jirgin na cusa a jaka na tafi Birmingham don in tsokane ta. Lokacin idonta ya tafi, ba ta tashi daga gado. Na ɗora mata a cinya, na ce, "Amarya, ga aikinki na kawo." Ta fara ja a tsakanin yatsunta sannu a hankali, kamar mai jan carbi. Can ta tsaya.

"Nan ne," in ji ta. "Haka na ji ta."

Ta ci gaba tana murza wurin da yatsunta.

"Babu wani giwan ruwa, Maigida. Sai kwana uku aka tsince shi. Kalma biyu ce fa kawai, na haɗiye ta. Tuwon nan ni na zubar da shi." Ta lalubo hannuna ta riƙe gam, ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, alhali Baba da Mama suna tsaye a bakin ƙofa. "Maigida, ka juya igiyar nan. Ka ji ni? Ka juya ta."

Na ce, "Na ji, Iya. Na juya." Wallahi ban san wanne daga cikinmu take wa magana ba, ni ko mijinta, kuma ban tambaya ba.

Kafin sanyin shekarar ya wuce ta rasu. Na daɗe ina zaton tatsuniyar darasi ce a kan kula da kayan aiki. Yanzu abin da ke cin raina shi ne dariyar da muka riƙa yi. Kowace yamma matar nan tana dawo da mijinta gida a gabanmu, mu kuwa muna ihu a sake mana, kuma ba ta taɓa ƙi ba.

Har yau duk ranar da zan shiga ruwa sai na bi igiyar da yatsuna tukuna. In na tura jirgin, muryarta nake ji tana cewa ga jirgi nan ya taso. Ni kaɗai nake amsa mata.