Takardar da Inna ta ɗaga sama

Farin allo ne abin da na fara gani ranar da na shiga gidan su ƙawata a unguwar Minanata. A falo yake, kusa da firij, an zana da'ira a kai an tsaga ta gida-gida. Na tsaya ina kallo har na manta ban gaida mahaifiyarta ba. Sai na ga kamar matashin fata irin wanda Baba yake ɗinkawa a rumfarsa, wanda yake auna shi da ƙusa da zare, ya raba shi goma sha biyu ba tare da ya kuskure ba.

Muna aji huɗu na sakandare a lokacin. Ranar ce aka raba takardar shiga ajin lissafi mai zurfi, wanda ake yi bayan an tashi. Kujera ashirin ce, sai iyaye sun sa hannu kafin Juma'a. Mahaifiyar ƙawata, malamar jami'a ce, ta cike tasu a tsaye, tana shan shayi.

Ni na kai tawa gidanmu a Runjin Sambo a cikin hijabi, don kada gumi ya taɓa ta. Baba ya juya ta sama da ƙasa.

"Wanga lissahin da kinka yi shekara tara, bai ƙare ba?"

Na ce akwai wani lissafin a bayansa. Ya yi dariya, ya ce in bari ƙanensa mai boko ya zo ya karanta masa, don shi ba ya sa hannu a kan abin da bai ji ba. Na ajiye ta a kan tabarma.

A gidanmu ba a barin rubutu a ƙasa. Inna ba ta karatun boko, amma ko guntuwar jarida ta gani sai ta ɗauke, wai ba a san ko da sunan Allah a ciki ba. Da ta zo shara ta naɗe takardar, ta sa a cikin kwanon samira na can saman jerenta. Kwana uku ina nema ban tambayi kowa ba, ina tsoron a ce na yi sakaci. Ranar Lahadi ta sauko da ita, tana ƙanshin turaren wuta. An riga an cike kujerun.

Bazara ce. Kullum bayan tashi ina jiran mai keken unguwarmu a gindin dogon yaro, daidai bayan ajin lissafin. An rufe tagogi saboda iska mai zafi, muryar malamin na fitowa kamar daga cikin randa. Ina zana da'ira da tsinke a ƙasa, ina cika abin da ban ji ba da tunanina.

Yanzu ƙannena a waya suke kallon irin darasin nan, in akwai caji. Ni har yau in na ji ƙanshin turaren Inna, allon nan nake gani.

A waccan bazarar, sati biyu na yi ina haɗa maganar da zan faɗa wa malamin a raina. Rannan malamin ya fito wanke hannu, na durƙusa, idona a kan takalminsa.

"Malam, ba kujera nika so ba. Don Allah a bar mini taga guda a buɗe."